Ko za a iya gina ƙungiyar ƙwallon kwando a kan mai raba ƙwallo?

Tun watan Yunin 2025 wata gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura, inda muke zama bayan sallar isha'i. Wani ƙanen abokina ne ya tayar da ita, yaron da yake kwana a kan wayarsa yana kallon gasar NBA ta Amurka. Ya ce mini: "Yaya, ai yanzu magana ta ƙare. Oklahoma da Indiana ne suka buga wasan ƙarshe, kuma kowace a cikinsu a kan mai raba ƙwallo aka gina ta. Wane ne kuma zai ce sai da dogo ake cin kofi?" Na ba shi amsa a gurguje a daren, amma amsar ba ta gamsar da shi ba, ni ma ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na ga ya dace in zauna in rubuta abin da nake gani a tsanake.

Ga waɗanda ba su saba da wasan ba, mutum biyar ne suke shiga fili daga kowane ɓangare, kuma wanda 'yan wasa suke kira foyin-gad ko lamba ɗaya shi ne yake ɗauko ƙwallon daga bayan fili, ya ƙetare layin tsakiya da ita, ya ɗaga yatsu ya faɗi tsarin da za a bi, sannan ya miƙa ta ga wanda ya fi kusa da ci. Bakatsinen da ya taɓa tsayawa a gefen filin folo zai gane shi da sauri, domin aikinsa ya yi kama da na mai lamba uku a kan doki, wanda yake karanta wasa daga baya yana tura wa na gaba. A al'ada shi ne mafi gajarta a cikin biyar ɗin. Ya kamata in faɗa tun da wuri cewa wannan gurbin na buga a makarantar sakandare, saboda Allah bai ba ni tsawo ba, don haka idan da son zuciya a cikin maganar, wajen gajeru ya kamata ya karkata.

Babu mai musun abin da gwanin raba ƙwallo yake yi wa ƙungiya a doguwar kakar wasa mai wasanni 82. Phoenix Suns ta ci wasa 29 kacal a kakar 2003 zuwa 2004, da ta ɗauko Steve Nash sai ta ci 62 a kakar da ta biyo baya, kuma aka ba shi kyautar gwarzon ɗan wasa sau biyu a jere, a 2005 da 2006. Zuwansa ya yi daidai da lokacin da hukumar gasar ta tsananta dokar hana mai tsaro ɗora hannu a jikin mai ƙwallo a nesa da kwando, abin da ya buɗe wa masu sauri hanya. John Stockton ya yi kaka 19 a Utah Jazz, ya miƙa ƙwallon da aka ci har sau 15,806, adadin da babu wanda ya kamo. Irin wannan mutum yana sa matsakaicin ɗan wasa ya zama kamar gwani, domin yana ba shi ƙwallon a daidai wurin da yake so, a daidai lokacin da mai tsaronsa ya waiwaya. Sai dai Nash bai taɓa kai Phoenix wasan ƙarshe ba, Stockton kuma ya je sau biyu, a 1997 da 1998, ya dawo hannu rabbana daga wajen Michael Jordan, alhali yana tare da Karl Malone.

Dalilin yana cikin yadda aka tsara zagayen fitar da gwani. A kakar yau da kullum, yau kana garin nan, jibi kana wancan, babu kocin da yake da lokacin zama ya yi maka shiri na musamman. A zagayen fitar da gwani kuwa ƙungiya ɗaya za ka fuskanta har sai wani ya ci wasa huɗu cikin bakwai, kuma sai ka tsallake irin wannan sau huɗu kafin ka ɗaga kofi. Kusan mako biyu masu horar da abokan hamayya ba su da aikin da ya wuce kallon bidiyonka, su gano hannun da ka fi so da gefen da kake gudu. Idan duk wasan ƙungiya daga hannun gajeren mutum ɗaya yake fitowa, maganinsa sananne ne. Za a sa masa dogo mai dogayen hannuwa, idan abokinsa ya zo yi masa shinge, wato ya tare mai tsaronsa da jikinsa, sai mutum biyu su rufe shi, su tilasta masa sakin ƙwallon daga nesa, agogon daƙiƙa 24 da ake ba ƙungiya ta yi jifa kuma yana tafiya. Idan ƙwallon ta koma hannun abokan hamayya, shi ɗin dai za su nema, su yi ta musayar shinge har sai ya zama shi ne yake tsare babban ɗan wasansu, wanda zai yi jifa ta saman kansa kamar babu kowa a wurin.

Na ɗanɗana wannan a jikina, a wani wasan makarantu da muka buga a kan filin siminti mai tsagewa, kwandon ma babu raga sai zoben ƙarfe. Mun tafi hutun rabin lokaci muna kan gaba, ina ta jin kaina. Da aka dawo sai na tarar da dogaye biyu suna jirana a layin tsakiya, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, hannuwa a sama kamar rassan darbejiya. Ina jin muryar abokan wasana suna kirana amma ba na ganin ko ɗaya daga cikinsu. Sau uku a jere aka ƙwace ƙwallon daga hannuna, malaminmu na wasanni yana ta ihu daga gefe cewa in saki da wuri, to amma wa zan sakar wa, tunda sauran huɗun ba a taɓa koya musu tafiya da ƙwallo ba? Abin da ya faru da Derrick Rose a 2011 babban yayan wannan ne. Yana da shekara 22 ya zama gwarzon ɗan wasa mafi ƙarancin shekaru a tarihin gasar, amma da Chicago ta haɗu da Miami sai aka riƙa sa masa LeBron James a ƙarshen wasa, aka fitar da su da ci 4 da 1. Chris Paul, wanda a ganina babu wanda ya fi shi karanta fili a zamaninsa, ya kai Phoenix wasan ƙarshe a 2021, suka ci biyun farko, sannan Milwaukee ta ci huɗu a jere, Giannis Antetokounmpo, ɗan iyaye 'yan Najeriya da aka haifa a Girka, ya zuba maki 50 a wasa na shida.

Ƙanen abokina zai ce to ina Magic Johnson da kofunansa biyar tsakanin 1980 da 1988? Magic ƙafa shida da inci tara ne. A wasa na shida na ƙarshen 1980, da dogon ƙungiyarsu Kareem Abdul-Jabbar ya ji rauni a idon sawu, Magic ne ya fara wasan a gurbin dogon tsakiya yana ɗan shekara 20, ya ci maki 42. Mutumin da zai iya haka ba ya cikin lissafin da muke yi, domin idan mutum biyu suka rufe shi ta samansu yake kallo. Shai Gilgeous-Alexander na Oklahoma ma ƙafa shida da inci shida ne, kuma aikinsa na farko cin maki, shi ne ma ya fi kowa ci a kakar da suka ɗauki kofin. Sunan gurbin ɗaya ne da na Stockton, amma sana'ar ta bambanta.

Gajeru na ainihi da suka jagoranci ƙungiya har ga kofi, biyu nake iya nunawa ba tare da jayayya ba. Na farko Isiah Thomas na Detroit Pistons, mai ƙafa shida da inci ɗaya, wanda ya ci a 1989 da 1990. Duk wanda ya kalli tsofaffin bidiyon wasanninsu zai ga irin ganuwar da aka kewaye shi da ita: Joe Dumars a gefensa yana tsare wanda ya fi haɗari, Dennis Rodman da Bill Laimbeer a ƙarƙashin kwando suna sa duk wanda ya shigo ya yi nadama. Koci Chuck Daly ya san abin da gwaninsa ba zai iya ba, sai ya tara mutanen da za su ɗauke masa.

Na biyu shi ne Stephen Curry, kuma a kansa nake so a tsaya sosai, domin shi ne hujjar da ta fi ƙarfi a hannun masu ja da ni, shi ne kuma wanda aka fi yi wa gurguwar fahimta. Golden State ta zaɓe shi na bakwai a 2009, ta ci kofi da shi a 2015, 2017, 2018 da 2022. A kakar 2015 zuwa 2016 ya jefa ƙwallo mai maki uku 402, ƙungiyar ta ci wasa 73. Abin da ya raba shi da Nash da Paul shi ne idan ya saki ƙwallon haɗarinsa ƙaruwa yake yi. Zai miƙa ta, ya zagaya ta bayan shinge biyu ko uku a guje, masu tsaro biyu su bi shi saboda tsoron jifarsa, sai wani ya tsinci kansa shi kaɗai a ƙarƙashin kwando. Idan kuma aka rufe shi da mutum biyu a sama, Draymond Green yana nan a tsakiya ya karɓa, su huɗu a kan masu tsaro uku, kuma sau da yawa Draymond ɗin ne yake fin Curry yawan miƙa ƙwallon ci a ƙungiyar. Wato rabin aikin lamba ɗaya wani ne yake yi masa, Klay Thompson da Andre Iguodala kuma suna ɗauke masa nauyin tsaro. Har da sa'a a ciki: saboda ciwon idon sawun da ya dame shi, kwantiragin da ya sa wa hannu a 2012 na dala miliyan 44 ne a shekara huɗu, kuɗi kaɗan ga irinsa, kuma wannan rarar tana cikin abin da ya ba su damar ɗauko Kevin Durant a 2016. A wasan ƙarshe na 2019, da raunuka suka raba shi da mataimakansa, Toronto ta sa mutum ɗaya ya manne masa, huɗu suka tsaya a murabba'i, tsarin da aka fi sani a wasan makarantu, kuma ita ta tafi da kofin. Shugaban Toronto ɗin a lokacin, Masai Ujiri wanda ya tashi a Zariya, yana da gwanin raba ƙwallo Kyle Lowry shekara da shekaru, amma bai samu kofi ba sai da ya ɗauko Kawhi Leonard ya ɗora ginin a kansa.

Daga 1991 zuwa 2014 an ɗaga kofi sau 24, kuma ban ga ko ɗaya da zan ce mai raba ƙwallo ne ginshiƙinsa ba. Masu raba ƙwallo Chauncey Billups a 2004 da Tony Parker a 2007 sun karɓi kyautar gwarzon wasan ƙarshe, amma tsaron Ben Wallace da abokansa ne ya riƙe Detroit, Tim Duncan kuma ya riƙe San Antonio. Hakeem Olajuwon ɗan Legas ya ci biyu da Houston a 1994 da 1995, Jordan ya ci shida, kuma matasa da yawa ba za su iya faɗin sunayen masu raba musu ƙwallo ba.

Akwai kuma batun rauni, wanda yake iya faɗa wa kowane ɗan wasa, amma ɓarnarsa ta fi yawa a ƙungiyar da mutum ɗaya ne idonta. Na kalli wasa na bakwai na 2025 a tsakar gida, wajen ƙarfe ɗaya na dare, waya a jingine da buta, na rage murya don kada in tashi yara. Tyrese Haliburton, mai raba ƙwallon Indiana, ya jefa masu maki uku guda uku tun a zubin farko, sai kawai na ga ya faɗi babu wanda ya taɓa shi, yana dukan ƙasa da hannu, ashe agararsa ce ta tsinke. Abokansa sun yi ta maza har suka tafi hutun rabin lokaci suna gaba da maki ɗaya, amma da aka dawo sai masu tsaron Oklahoma suka yi ta ƙwace ƙwallo daga hannun waɗanda ba aikinsu ba ne ɗaukowa, aka tashi 103 da 91. Na kashe wayar kafin a miƙa kofin, na ɗan kishingiɗa kafin kiran asalatu.

Saboda haka matsayina shi ne ana iya ginawa, amma ginin ya fi kowane tsada da wuyar daidaitawa. Da ni ne mai ƙungiya, aka ajiye mini matasa biyu masu baiwa iri ɗaya, ɗaya ƙafa shida, ɗaya ƙafa shida da inci takwas, dogon zan ɗauka ko da zuciyata tana wajen gajeren, domin dogon zai zauna da kusan kowane irin abokan wasa, gajeren kuwa sai na nemo masa mutum huɗu da aka auna daidai da shi, biyu masu tsaro, ɗaya mai raba ƙwallo a madadinsa, kuma dukansu su iya jifa. Idan gajeren nan yana jifa kamar Curry, to lissafin ya canza, sai dai an ƙirƙiro layin maki uku a NBA tun 1979, kuma Curry ɗaya aka samu.

Abin da ya fi damuna a gida yake. A filayenmu na Katsina da Daura har yanzu idan yaro ya zo koyo, tsawonsa ake kallo a yanke masa gurbi a ranar farko. Gajere a ba shi ƙwallo, dogo a ce ya je ƙarƙashin kwando ya jira, sai ya shekara biyar bai iya tafiya da ƙwallo da hannun hagu ba. Nikola Jokic, dogon tsakiyar da ya ci wa Denver kofi a 2023, shi ne yake raba wa ƙungiyarsa ƙwallo, kuma da a hannunmu ya tashi da mun hana shi. Ranar Asabar da ta wuce na bi ƙanen abokin nawa filin da suke atisaye, na ga wani yaro ɗan kimanin shekara 14 wanda ya riga ya fi kowa tsawo a wurin, yana tsaye a ƙarƙashin kwando yana jiran abin da zai faɗo. Na roƙi mai horar da su, na ce: "Malam, don Allah a bar yaron nan ya riƙa ɗauko ƙwallon daga baya, ko da minti goma ne a kowane atisaye." Ya yi dariya ya ce za a yi ta ƙwacewa. Na ce a bari a ƙwace, ai atisaye ne. Ya amince da minti biyar, kuma a cikin biyar ɗin an ƙwace sau huɗu, sau ɗaya kuma yaron ya hango abokinsa ta saman kawunan mutum biyu ya jefa masa.