Awon igiya a bayan garin Kano: an gina gidaje, an manta da unguwa

Duk wanda ya bi titin Gwarzo ya wuce sabuwar harabar Jami'ar Bayero zuwa Ɗanbare, ko ya ratsa Bachirawa da Rimin Kebe ta ɓangaren Ungogo, zai ga yadda gonakin gero da dawa suka koma gidaje cikin 'yan shekaru. Magidanci ya gaji da haya ko da cunkoson gidan gado a cikin ganuwa, sai ya sayi fili a hannun dillali, ya yi ta jera bulo kaɗan-kaɗan har Allah ya nufa ya rufa kwano ya tare da iyalinsa. Wannan ƙoƙari abin yabo ne. Abin da ke damuna shi ne halin da yake tararwa da zarar ya fito ƙofar gidan.

Yawancin filayen nan awon igiya ne. Mai gona da dillali ne suke yanka su, kuma a lissafinsu duk ƙafar da aka bar wa hanya kuɗi ne aka zubar. Shi ya sa ake samun lungun da mota ba ta iya juyawa a cikinsa, balle motar kashe gobara ta shiga, ba kwata, ba filin makaranta, ba na asibiti, wani lokaci ma ba maƙabarta. Idan ruwan Agusta ya sauka, kowa sai ya ɗaga dandamalinsa ya tura wa na ƙasa da shi, ambaliya ta ƙare a ɗakin wanda ya fi kowa rauni. A fili mai ƙafa 50 tsawo da faɗi, ramin masan wani yakan zo dab da rijiyar maƙwabcinsa, kuma yaran gidajen biyu ne suke shan ruwan.

Dokar amfani da filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar birane a hannun gwamna, kuma Kano tana da hukumar tsara birane, wato KNUPDA. Amma sau da yawa hukuma ba ta isa wurin sai gini ya kai linta, ta shafa jan fenti ta tafi. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, da aka gina tsakanin 2011 da 2015, sun nuna cewa ana iya shimfiɗa titi da magudana kafin mutane su tare, sai dai farashinsu ya fi ƙarfin malamin firamare da ɗan tireda, waɗanda su ne suka cika unguwannin awon igiya.

Mu ma masu ginin muna da namu laifin. Gidan cikin birni yana da zaure, inda maigida ke karɓar baƙi, yara ke karatun allo, maƙwabta ke haɗa kwanonin tuwo bayan magariba. Sabon gida kuwa doguwar katanga ce da ƙyauren ƙarfe. Na san dalilin, tsoron ɓarayi ne da masu ƙwacen waya, kuma tsoro ne na gaskiya. Amma layin da babu mai zama a bakinsa, babu wanda ya san 'ya'yan wani, ya fi sauƙin shiga ga ɓarawo, kuma mutanen da ba sa gaisawa yana yi musu wuya su haɗa kuɗin taransifoma ko na yashe kwata.

A ganina gyaran yana farawa ne tun filin yana gona. Gwamnati ta riga dillalai isa Kumbotso da Ungogo da Gezawa, ta fitar da hanyoyi da filayen jama'a, ta yanka ƙananan fulotai da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya. Masu unguwanni da dagatai, waɗanda ake neman sa hannunsu a takardar ciniki, su ƙi sa hannu a duk awon da bai bar hanya da magudana ba.