Daren wuta a makarantunmu: a kashe lasifika, a dawo da amshi

Duk wanda ya yi hidimar ƙasa a Najeriya ya san daren da ake hura wuta a sansanin horo kafin a watse. 'Yan sikawut ma suna da nasu, al'adar da suka gada tun zangon da Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyarsu, ya yi da yara a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, kuma wasu makarantun kwana sun ara. Sai dai abin da aka fi gani yanzu shi ne a jibge itace, a kwarara masa kananzir, a tayar da janareta, a saki kiɗa ta lasifika. Wuta na ci, matasa na tsalle, amma babu bakin da ke rera komai. A ganina wannan asarar dare ce. Ya kamata a bar wa waƙoƙinmu na gargajiya wannan daren, domin ba su da sauran wurin zama da ya fi shi.

Zama a bakin wuta ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya kankama, ana hura wuta a tsakar gida ko a ɗakin tsohuwa don jin ɗumi, kuma a nan ake cewa "ga ta nan, ga ta nan ku" a amsa "ta zo mu ji ta". Almajiran makarantar allo sun daɗe suna tara kara don wutar karatun dare da na asuba. Gaskiya ne gaɗa da sauran wasannin dandali an fi yin su da farin wata, ba a gaban wuta ba. Amma waƙar da ke cikin tatsuniya, wadda marainiya ke rerawa a bakin rafi ko tsuntsu ke yi a kan reshe, ita kam a bakin murhu ta girma.

Wani zai ce ai an rubuta su. An rubuta kalmomin. Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyin Hausa a littafi mai juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, masana na gida kuma sun yi aiki mai yawa bayansa. Amma takarda ba ta riƙe karin murya, ba ta nuna inda tafi ke faɗawa, ba ta gaya maka lokacin da 'yan amshi ke shigowa kafin jagora ya rufe baki. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma waƙar gargajiya tana bin hawa da saukar kalma da nauyin gaɓa. Shi ya sa idan malami ya ɗauko baitin tatsuniya daga littafi ya ɗora shi a kan wani karin da ya koyo a wani harshe, kunnen yaro ke jin abu ya karkace, ko da bai san dalili ba. Waƙar sai an ji ta daga bakin wanda ya iya.

Saboda haka aikin yana farawa ne makonni biyu ko uku kafin daren. A je wurin tsofaffin mata na unguwa ko na ƙauyen da ke kusa, da girmamawa da ɗan goro. Kada a ce "Iya, yi mana waƙa", don kunya za ta hana ta, ko ta ce ta manta. A roƙe ta tatsuniya, waƙar za ta fito da kanta idan labari ya kai wurinta. A naɗa a waya sau biyu, ɗaya ita kaɗai, ɗaya kuma jikokinta na amsawa, don a ji inda amshi yake shiga. A tambaye ta ma'anar duk kalmar da ba a gane ba, kuma kada a gyara. Wasu kalmomin sun tsufa, wasu kuma sauti ne kawai don cika kari, irin "carmagade" da 'yan mata ke amsawa a gaɗa. Wanda ya sauya su da Hausar boko ya ɓata ƙafar waƙar.

Waƙa shida zuwa takwas sun isa zaman awa ɗaya da rabi. Wadda ta dace da taron da bai san ta ba ita ce mai gajeren amshi, kalma ɗaya zuwa uku, wanda ba ya canzawa. Jagora ya koyar da amshin tukuna, sau uku, ba tafi, sannan a shigo da tafi, sannan ya fara bayarwa. Ba a raba takarda. Hasken wuta ba ya isa karatu, kuma da zarar kawuna sun sunkuya kan takarda ko waya, murya ta koma ƙasa, da'irar ta mutu.

Kurakuran da aka fi yi guda biyu ne, kuma duka na jagora ne. Na farko, ɗaga murya tun daga baitin farko. Iskar hunturu busasshiya ce, tana kama maƙogwaro, wanda ya fara a sama kafin waƙa ta uku muryarsa ta dishe, 'yan amshi kuma suna ta ƙoƙarin kamo shi har su gaji su yi shiru. A fara kusa da muryar magana, a ajiye ruwan ɗumi a gefe. Na biyu, barin tafi ya yi gudu. Taro idan ya ji daɗi yakan ƙara sauri bai sani ba, har kalmomi su cakuɗe. Maganinsa mutum ɗaya mai natsuwa da ƙwarya a kife, kusa da jagora, aikinsa kawai ya riƙe taku. Idan an kawo ganga, a nisanta ta da harshen wuta, don fatar da hunturu ya riga ya ɗaure tana iya tsagewa.

Ita kanta wutar tana iya rusa komai. Ɗanyen itace hayaƙi yake yi, hayaƙi kuwa tari yake kawowa. Kara yana tashi da sauri ya mutu da sauri, ga tartsatsi, don haka na kunnawa ne kawai. Busasshen marke ko ƙirya sun fi, suna ci a hankali su bar garwashi. Ba a buƙatar tulin itace mai kai ƙirji. Wutar da ba ta wuce gwiwa ba ta wadatar, kuma dami biyu za su kai ƙarshen zama. Babbar wuta tana kore mutane baya, da'ira ta buɗe, amshi ya riƙa iso wa jagora a makare. A share wurin daga ciyawa, a kewaye shi da duwatsu, nesa da zana da rumbu. Layin gaba ya zauna taku uku zuwa huɗu daga wutar, a lura da masu mayafi ko hijabi na leda, kuma jagora ya ba iska baya don hayaƙi ya tafi gabansa, a bar wannan ɓangaren babu kowa. Fetur da taya ba su da gurbi a nan. Idan mutane sun haura talatin ko arba'in, gara a hura wuta biyu nesa da juna da a ɗauko makirufo.

Akwai iyaye da malaman da za su ɗaga gira, kuma ba a raina damuwarsu. Batun cakuɗuwar maza da mata da dare yana da sauƙin warwarewa, domin a dandalin ma gaɗa ta 'yan mata ce, samari na da nasu wasannin; a raba da'ira, a sa malama a ta mata, a tashi kafin ƙarfe goma. Wasu waƙoƙin suna da zambo ko habaici mai nauyi, sai a tace tun wurin zaɓe. Batun itace ma gaskiya ne a yankin da hamada ke matsowa, shi ya sa ƙaramar wuta ta fi dacewa, sau ɗaya a zangon karatu. Inda tsaro bai ba da damar fita fili ba, harabar makaranta ta isa.

A jera waƙoƙin yadda wutar ke tafiya. Masu tafi da motsi su zo da farko, lokacin da harshenta ke sama. Idan ta koma garwashi, sai a zauna a kawo tatsuniya ɗaya mai waƙa a ciki, wadda za a maimaita amshinta sau huɗu ko biyar cikin labarin, ita ce yara za su tafi da ita ɗakin kwana. Bayan "ƙurunƙus", mutum biyu su tsaya: a baza garwashin, a yayyafa ruwa bokiti biyu, a juya da sanda, a rufe da ƙasa, kuma kada su bar wurin sai sun kai bayan hannu kusa da tokar sun ji babu zafi.