Hargitsin ma da ma'auninsa

Jama'a, akwai maganar da ake yawan jefowa a nan: wai tunda malam-buɗe-littafi zai kaɗa fiffike a Brazil ya tayar da guguwa a Texas, ai kimiyya ba ta da ta cewa game da gobe. Ni dai ban yarda ba. Masana lissafin da suka zo da zancen nan, wanda ake kira hargitsi (chaos), sun zauna ne sun auna iya inda hasashe ke ƙarewa.

A 1961 Edward Lorenz na jami'ar MIT a Amurka yana lissafin yanayi da kwamfuta. Zai maimaita wani gwaji, sai ya shigar da 0.506 maimakon 0.506127, don takardar da injin ya buga ta guntule sauran lambobin. Sakamakon biyu suka taho kafaɗa da kafaɗa, can sai kowanne ya kama gabansa. Ƙa'ida ɗaya ce, babu caca a ciki.

To yaya ake aunawa? Ana ɗaukar mafari biyu dab da juna, a dubi saurin buɗewar tazarar da ke tsakaninsu. Wannan saurin shi ne lambar Lyapunov. In ta haura sifili, kuskure ninkuwa yake yi. A ce kullum yana ninkuwa biyu: ko ka inganta na'urarka sau dubu, kwana goma kacal ka ƙara, don ninki goma ya kai 1,024. Shi ya sa hasashen yanayi na kwana-kwana ba ya wuce kimanin mako biyu. Duniyoyin da ke zagaya rana ma ba su tsira ba, masanin taurari Jacques Laskar ya nuna a 1989 cewa nasu kuskuren yana ninkuwa kusan uku duk wajen shekara miliyan biyar.

Buɗewar tazara kaɗai ba ta isa a kira abu hargitsi ba fa. Dole abin ya kasance a killace, yana cakuɗuwa, yana komowa kusa da inda ya taɓa bi. Masanin lissafi Robert Devaney ya kafa sharuɗɗa uku na hargitsi a 1986, wasu masana suka nuna a 1992 cewa biyu sun wadatar. Har gobe ma'anoni daban-daban ake amfani da su, kuma ni ban ga laifin hakan ba.

Saboda haka in aka ce daminar bana za ta yi ruwa da yawa, ana iya saurara, hasashen jimilla ne. Wanda ya ce maka ranar kaza a watan jibi ruwa zai sauka a gonarka kuwa, tambaye shi da wace na'ura ya gano.