Su suna kaɗa gashin kare, mu mun jingine mazari

Akwai mutane a Turai da Amurka da ke tara gashin da karensu ke zubarwa, su wanke, su shiɓe, su gauraya shi da ulun tumaki, su kaɗa zare da hannu, su saƙa hula da safar hannu. Na san Bahaushe da jin haka zai yamutsa fuska. Ni kaina ba zan sa hular gashin kare ba, ba kuma ina kiran kowa ya sa ba ne. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ƙasashen da injin kaɗi ya fara bunƙasa a cikinsu sun riƙe kaɗin hannu, har suna neman abin kaɗawa a jikin kare. Mu da auduga ke tsirowa a bayan gidanmu mun bar mazari yana bin kakanninmu kabari.

A nan Legas na fara ganin gashin da idona. Wani ƙanena, ɗan goggona, yana gadi a wani gida a Lekki, kuma cikin aikinsa har da taje wani farin kare irin na Samoyed. Kare ne na ƙasar ƙanƙara, asalinsa Saberiya, kuma ina jin tausayinsa a wannan zafi da gumi na Legas, ko da a ɗaki mai na'urar sanyaya iska yake kwana. Matar gidan ta ce wa ƙanena duk abin da mataji ya ɗebo kada ya zubar, ya riƙa zubawa a rigar filo, tana aika wa 'yar'uwarta a Kanada. Ya ce mini, "Yaya, wallahi da farko na ɗauka asiri za a yi da shi." Da ya buɗe mini bakin rigar filon na leƙa, sai na ga abu fari sol, mai laushi, sak sutun da kakata ke tarawa a taskira kafin ta fara kaɗi.

Ba kowane kare ne gashinsa ke kaɗuwa ba. Karnukan ƙasashen sanyi, irin su Samoyed da Husky da Chow Chow da Newfoundland, gashi hawa biyu gare su. Na sama mai kauri ne da tsauri, yana kare ruwa. Na ƙasa shi ne mai laushi, mai riƙe ɗumi, shi ake nema. Karen farautarmu na gida gashinsa gajere ne, manne da fata, ba abin da za a samu. Kuma masu aikin sun fi son tajewa a kan aski, domin almakashi na haɗa mai tsauri da mai laushi wuri ɗaya, rigar ta zo tana sukar jiki. Silin da ya kai santimita 4 zuwa 5 shi ya fi daɗin kaɗi. Ana ajiye shi a jakar takarda ko ta yadi, leda kuwa tana riƙe danshi, ya yi wari ya cuɗe. Wajen wanki jiƙawa kawai ake yi a ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi. Ba murzawa, ba cuɗawa, in ba haka ba sai ya dunƙule ya manne, ba mai iya warware shi. Warin kare a maiƙon jikin gashin yake, in wanki ya yi kyau yana tafiya.

Dalilin gaurayawa da ulu shi ya fi burge ni, domin nan ne ilimin yake. Silin ulun tunkiya a lanƙwashe yake, ka ja shi ya miƙe, ka sake shi ya koma, kuma yana kama ɗan'uwansa da sauƙi. Gashin kare santsi gare shi, ba ya komawa in an ja shi. Hular da aka saƙa da shi zalla za ta saki ta faɗaɗa. Sai a ɗauko ulu, galibi na tumakin Merino waɗanda asalinsu Sifen ne amma yau Ostareliya ta fi kowa kiwonsu, a haɗa a kan wasu alluna biyu masu haƙoran waya, a yi ta gogawa har silin ya jeru, a naɗe shi. A kaɗa da murɗi mai yawa saboda santsin, a haɗa zare biyu a murɗa su ta ɗaya gefen, a sake jiƙawa don murɗin ya zauna. Ɗuminsa ya yi yawa ga ƙasa irin tamu, shi ya sa ko can ma an fi yin ƙananan kaya da shi.

Maganar tsarki ba a tsallake ta. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma Shehu Halilu a Muhtasar ya lissafa ulu da gashi cikin abubuwa masu tsarki in an aske su, ko da na alade ne. Wanda aka tsige da saiwarsa hukuncinsa daban. Shafi'iyya kuwa najasa mai nauyi suke ɗaukar kare. Ƙyamar da muke yi kuma tana nan daram, ba ta jiran hukunci, kuma ba laifi ba ce. Ina faɗin haka ne don kada a tsaya a kan kare a manta da zaren.

Labarin da ya fi taɓa ni na mutanen Salish ne, 'yan asalin gaɓar tekun da yau take jihar Washinton a Amurka da lardin Birtish Kolombiya a Kanada. Su ba su da tumaki, sai suka yi kiwon wasu ƙananan fararen karnuka saboda gashinsu kawai. Mata ke kula da su, suna keɓe su a tsibirai ko a shinge don kada su haɗu da sauran karnuka, suna ciyar da su kifi. Su haɗa gashin da na awakin dutse su saƙa barguna masu daraja. Matuƙin jirgin ruwan Ingila George Vancouver ya gan su a 1792. Daga baya irin karen ya ƙare. Bargunan masana'anta sun cika kasuwa, annoba ta ci mutane, hukumar mulkin mallaka ta hana bukukuwan da ake raba bargunan a cikinsu, ta kwashe yara zuwa makarantun kwana nesa da iyayen da za su koya musu. Fatar irin karen da aka san ta rage tana gidan tarihi na Smithsonian a Amurka, ta wani kare da ya mutu a 1859. Jikokinsu yanzu suna ƙoƙarin tayar da saƙar, amma karen ba zai dawo ba. Mu audugarmu na nan, tsofaffinmu da suka iya ma wasunsu na nan da rai.

Ni 'yar wani ƙauye ce kusa da Funtua, ƙasar auduga. Kakata takan zauna da magurji, ta ɗora auduga a kai, ta murza da sandar ƙarfe, angurya na fita gefe. Ta ɗauko bakan shiɓa ta yi ta kaɗa tsirkiyar har audugar ta tashi ta yi sakayau. Sai ta yi sutu, ta shafa alli a yatsu, ta kafa gindin mazari a ƙasa, ta murza shi, gululun na juyawa, hannun hagu na ja sama a hankali. Zaren na fitowa daga cikin sutun ba tare da ta kalle shi ba, tana kaɗi tana ba mu tatsuniya. Abawa mai kauri daban, siririn zare mai ƙarfi na wadari daban, duk daga yatsu guda. In na ja nawa ya tsinke sai ta ce, "Ke 'yar nan, ba da ƙarfi ake yi ba, saurari audugar." Kuma ga wani abu da na gane bayan na zo Legas ina kallon masu kaɗi a YouTube. Silin auduga gajere ne, galibi bai fi santimita 3 ba, ya fi ulu wuyar kaɗi nesa ba kusa ba. Shi ya sa mazarinmu ke tsayawa a ƙasa, ba ya rataye a iska kamar na masu ulu. Turawa da yawa da suka ƙware a ulu sai sun koma sun sayi ɗan mazarin Indiya sun koyi wannan salon kafin su iya auduga. Hannun da ya iya auduga ba abin da zai gagare shi.

Wannan aikin na mata a cikin gida shi ya ɗauki Kano a da. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth da ya iso Kano a 1851 ya ƙiyasta tufafin da garin ke sayarwa waje da aƙalla kuɗin wuri miliyan 300 a shekara, ana kai su Ghat da Murzuk da Tirabulus da ke Libiya ta yau, da kuma Tambutu. Ana yawan ambaton masaƙa da marinan Ƙofar Mata da na Kura, amma kowane taku na wannan yadi sai da ya bi ta yatsun wata mace. Masaƙi ɗaya sai mata da yawa sun yi masa kaɗi kafin ƙoshiyarsa ta wuni tana aiki.

In ana maganar mutuwar sana'ar, kowa na nuna masana'antu, kuma da gaskiyarsu. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, zaren inji ya yi arha, daga baya gwanjo da yadin waje suka zo suka durƙusar da masana'antun su ma, har babbar cikinsu ta rufe a 2007. Amma ni ina ganin akwai abin da ya riga wannan. Mai kaɗi ita ce mafi ƙarancin samu a duk jerin. Dillaliya ta ci, masaƙi ya ci, marini ya ci, mai ɗinki ya ci, falke ya ci, ita kuwa kwana da kwanaki tana murza mazari a kan abin da bai wuce kuɗin cefane ba. Yarinyar da ta tashi tana ganin haka, don ta zaɓi yin awara ko ƙuli-ƙuli ban ga laifinta ba. Muka kuma ɗora wa kaɗi sunan aikin tsofaffi da marasa galihu. Can Turai da Amurka kuwa, mai kaɗa gashin kare ana biyanta lokacinta ne, kuma mai saye ya san hakan tun kafin ya aiko da gashin. Suna da ƙungiyoyi, da bukukuwan baje koli, da darussa. Ba su fi mu hannu ba. Sun sa wa aikin farashin da mutum zai iya zama a kansa.

Ulu dai ba namu ba ne. Duk wanda ya je kasuwar dabbobi ta Oko-Oba a Agege gab da babbar sallah ya shafa bayan Uda ko Balami ko ɗan ƙasa ya san gashi gare su, gajere mai tsauri. Sai Fulanin Masina a Mali ne ke da tumaki masu ulu, suna saƙa barguna da shi. Wanda muke saya a kasuwa muna saƙa wa jarirai hula da safa kuwa yawancinsa roba ne. Ki gwada sa wa bakin zaren ashana. Na roba narkewa zai yi ya dunƙule ya yi tauri, na tunkiya ya yi warin ƙonannen gashi ya murmushe, auduga kuma ta bar toka mai laushi. Muna naɗe jariri a roba cikin zafin Legas, alhali abawa na shan gumi.

Zaman Legas ya nuna mini inda Yarabawa suka fi mu. Kowace Asabar, a kowane biki, sai ka ga aso oke, wato saƙinsu na hannu, a kai da kafaɗa, daga attajira har mai sayar da barkono. Masaƙan garin Iseyin na jihar Oyo na da aiki domin masu sawa ba su daina ba. Gaskiya yawancinsu da zaren inji suke yi yanzu, amma tsofaffin aso oke irin su etu da sanyan na zaren hannu gado ake yi da su, kuma masu ɗinkin zamani na nan Legas suna bin su da tsada. Jan alharinin da suke alfahari da shi ma a da ta hamada yake zuwa, ya bi ta Kano kafin ya iso gare su. Mu kuwa saƙi da tsamiya da barage sai a hawan sallah, a jikin sarki da hakimai. Lefenmu akwati-akwati, shadda daga Ostiriya, leshi daga Suwizalan, atamfa daga Holan, ba zane ɗaya da hannun 'yar garinmu ya taɓa.

Kullum motocinmu na sauke albasa da tumatir a kasuwar Mile 12, shanu da raguna a kara. Buhun zaren hannu ba zai rasa wuri a cikinsu ba. Ƙungiyoyin matanmu na Agege da Idi-Araba da Obalende, da ke iya tara adashi na miliyoyi, za su iya nemo tsofaffin da suka rage a ƙauyukan Katsina da Kano da Jigawa, su ba su kuɗi tun kafin aiki, su haɗa kowace da yarinya ɗaya ko biyu, ita ma mai koyon a biya ta. Na san rashin tsaro ya hana noma a gonaki da yawa na yankinmu, amma audugar da mai kaɗi ɗaya ke buƙata ba ta da yawa, 'yan kunyoyi a bayan gida sun isa. A ɗauki hannunsu a waya tun daga gurza har naɗi. A kai zaren Iseyin, a kai wa masu rini a Itoku ta Abeokuta, a nuna wa masu ɗinkin Lekki da Ikoyi. Duk mai haɗa lefe ya sa zanen saƙi ɗaya na zaren hannu, ya biya kuɗinsa kamar yadda yake biyan na leshi ba tare da taya ba. Wanda ya zo yana son sayen abawa a farashin zaren inji, a bar shi ya wuce.