Houston ba ta da kyau, amma ni ina bayanta

Duk baƙon da na ɗauko daga filin jirgi, musamman 'yan New York, kafin mu kai gida sai ya tambaya: "Wai ina garin yake ne?" Titi kawai yake gani, da gidajen mai, da filin ajiye motoci. Gaskiyarsa. Houston ba garin ɗaukar hoto ba ce. Amma rainin ya ishe ni, yau sai na faɗi nawa.

Dillalan filaye ne suka haife ta. A 1836 wasu 'yan'uwa biyu, Augustus da John Allen, suka sayi fili a bakin Buffalo Bayou, rafi mai laka da sauro, suka shiga talla. Guguwar 1900 ta ragargaza Galveston mai tashar jiragen ruwa, a 1901 man fetur ya ɓarke a Spindletop da ke gabas da Houston, a 1914 aka buɗe mashigin da ke kawo jiragen ruwa har gindin gari. Shi ke nan, kakarta ta yanke saƙa. Ƙidayar 2020 ta ba ta mutum miliyan 2.3, ta huɗu a Amurka, kuma har gobe halin dillalai ne da ita.

Ba ta da dokar da ke ware nan unguwar zama, can ta kasuwanci. Sau uku aka kai maganar gaban masu ƙuri'a, a 1948 da 1962 da 1993, suka ce ba sa so. Masana tsara birane na ganin abin kunya ne. Ni kuwa a wurina wannan hargitsin ne ya ba baƙo wurin shimfiɗa tabarma, don inda gini ke da sauƙi, haya ba ta cika yanka wuya ba.

Ku bi titin Bissonnet wajen Alief ranar Asabar. A jeri ɗaya za ka ga mai faci, sai coci a tsohon shago, sai kantin da ake sayar da manja da garin rogo da busasshen kifi, ƙamshin tsire na tashi daga lungu. Mai kantin ta ji harshenka ta ce "daga wace jiha?" kafin ta ba ka canji. Ka ƙara gaba kaɗan zuwa Bellaire, sunayen tituna ma da rubutun Sin da na Biyetnam suke. Waɗanda suka gudo bayan yaƙin Biyetnam ya ƙare a 1975 suna cikin waɗanda suka raya wurin. A tsakiyar gari kuwa akwai tsohon ginin banki da Hakeem Olajuwon, tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando ɗan asalin Najeriya, ya mayar masallaci. Na sha yin Juma'a a can.

Ba na ɓoye tsadar abin. Wanda ba shi da mota a nan fursuna ne. Babbar hanyar Katy Freeway a wani wurin ta kai layi 26, kuma duk da haka ƙarfe biyar na yamma sai ka kashe rediyo ka kama istigfari.

Sai ruwa. A Agustan 2017 guguwar Harvey ta zauna mana a ka kwana huɗu. Ina tsaye a ƙofa ina kallon ruwa yana cinye matakala ɗaya bayan ɗaya, har wani maƙwabci da ban taɓa sanin sunansa ba ya zo da kwalekwalen kamun kifi yana kwashe tsofaffi. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, dajin da ke shanye ruwa an malale shi da siminti, har cikin harabar madatsun Addicks da Barker aka yanka filaye aka sayar wa mutane. Wannan kam ba ni da bakin kare shi. Wanda ya ba da izinin ginin ya san abin da ya yi.

Duk da haka ban tattara kayana ba. Ranar 1 ga Yuni lokacin guguwa ke kamawa. Jiya na sayo katan uku na ruwa da batura, na ɗora fasfo a saman kabad.