Ba Ambaliya Ce Ta Kawo Su Ba

Abin yana damuna: da zarar an ga ɓawon katantanwa cikin dutsen farar ƙasa, sai a ce ambaliyar kogi ce ta kwaso shi. Masu faɗin haka suna da uzuri, don mun sha ganin abin da Kogin Kaduna ke kwasowa da damina.

Amma ɗauki dutsen farar ƙasa na Kalambaina a Sakkwato, wanda ake siminti da shi. Idan aka yanko shi siriri aka sa a madubin bincike mai ƙara girman ƙananan abubuwa, cike yake da ɓawon ƙananan halittun ruwan gishiri. A wurin suka rayu suka mutu, lokacin da akwai teku marar zurfi a yankin, shekaru kusan miliyan 60 baya, ɓawonsu ya taru hawa-hawa har ya daskare. Kogi kuwa yashi da laka yake tarawa.