Na'urar tausasa ruwa: a fara auna ruwan Maraɗi kafin a kwaikwayi Turai

A watan jiya yayana, wanda ya kammala ginin gidansa a unguwar Ali Ɗan Sofo, ya kira ni ta WhatsApp bayan sallar isha'i. Ya haƙa rijiyar burtsatse a tsakar gidan, wadda a Nijar muka fi sani da foraj, ya kuma ɗora tanki bisa ƙafafun ƙarfe. Buƙatarsa ɗaya ce: "Na'urar nan da na gani a gidanka lokacin da na zo, wadda ake zuba wa gishiri, ita nake so ka saya ka sako mini a kwantena, domin yara su riƙa shan ruwa mai lafiya." Na ce masa: "Yaya, ka yi mini haƙuri, ba ƙin sayen nake yi ba, amma wannan na'ura ba ta ba da lafiyar da kake nema." Na ji a muryarsa cewa amsar ba ta yi masa daɗi ba, kuma na san akwai magidanta da yawa a Maraɗi masu irin tunaninsa, shi ya sa na ga ya dace in yi bayanin a fili.

Ina zaune a birnin Lil da ke arewacin Faransa, inda ƙasar da ake jawo ruwa daga cikinta dutsen alli ce. Ruwan sama yana ratsa wannan alli yana narkar da shi, ya ɗauko sinadaran kalsiyam da maganiziyam, waɗanda su ne ke sa ruwa ya yi abin da ake kira tauri. Makon farko da na tare a gidan na ga alamar da idona: butar dafa shayi ta yi wani farin ɓawo a gindi, wanda idan aka kankare shi da cokali yake ɓarewa kamar ɓawon ƙwai, ramukan shawa suka fara toshewa ɗaya bayan ɗaya, sabulu kuma ya ƙi yin kumfa sai an murza shi sosai. Har wake ya fi jinkirin nuna a irin wannan ruwa, sai an haɗa da kanwa kamar yadda iyayenmu mata suke yi. Faransawa suna auna taurin ruwa da digiri, kowane digiri guda yana daidai da miligiram 10 na alli a cikin lita ɗaya, kuma ruwan da ya wuce digiri 30 ana lissafa shi cikin mai tauri. Da mai gyaran famfo ya ɗiga maganin awo a cikin ruwan gidana, digiri 35 ya samu.

Dalilin da ya sa wannan tauri yake zama asara a nan shi ne zafi. Alli yana rabuwa da ruwa ya manne a jikin ƙarfe ne idan an ɗumama ruwan, gidajen ƙasar nan kuwa suna rayuwa ne da ruwan zafi: tukunyar ɗumama gida tana aiki tun daga Oktoba har zuwa Afrilu, tankin wanka yana riƙe ruwa a wajen digiri 60 na zafi dare da rana, injin wanki da na wanke kwanoni kowane yana dafa nasa. Ɓawon da ya taru a cikinsu yana hana zafi ratsawa, ya ƙara kuɗin gas da na wuta, daga ƙarshe ya kashe injin. Na'urar da yayana ya gani an ƙera ta ne domin kare waɗannan injuna, ba domin kare cikin ɗan Adam ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ma ƙayyade wata iyaka ta lafiya ga taurin ruwa ba, domin kalsiyam da maganiziyam abubuwa ne da jiki yake buƙata.

Yadda take aiki ba shi da wuyar fahimta. A cikinta akwai wata doguwar kwalba cike da 'yan ƙwayoyin roba masu launin zuma, ƙanana kamar ƙwan kifi, waɗanda aka lulluɓe da sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri. Idan ruwa ya bi ta cikinsu sai su kama kalsiyam da maganiziyam su saki sodiyam a madadinsu. Bayan 'yan kwanaki ƙwayoyin suna cika, sai na'urar ta jawo ruwan gishiri mai kauri daga wani bokiti da ke gefenta, ta wanke su, ta zubar da wankin a magudanar ƙazamin ruwa. Yawanci ana saita ta ta yi wannan da misalin ƙarfe 2 na dare, lokacin da ba wanda ke buɗe famfo. Musaya ce ake yi, ba tacewa ba: duk digiri guda da aka cire yana ƙara kimanin miligiram 4.6 na sodiyam a lita. A gidana an sauke ruwan daga 35 zuwa 15, wanda ke nufin an ƙara masa sama da miligiram 90 na sodiyam a kowace lita. Saboda haka ne mai gyaran famfon ya bar famfon ɗakin girki a kan ruwan asali, ya ce mini da shi za a sha, da shi kuma za a dama wa jariri madara. A gidan da aka fi son na'urar ma, ruwan shan ba ya bi ta cikinta, kuma wannan ya kamata duk mai hawan jini ya sani.

Na tsaya a kansa ranar da ya haɗa ta, kuma abin da na gani shi ne ya fara sa ni shakkar dacewarta da gidajenmu. Ya yanke babban bututu bayan mitar ruwa, ya sa matacin da ke tare yashi a gaba, ya sa bawul mai hana ruwa komawa baya, sannan ya yi hanyar kewaye mai makulli domin a iya ware na'urar ranar da ta lalace ba tare da gidan ya rasa ruwa ba. Tiyon zubar da wankin bai cusa shi cikin magudana ba, ya bar tazara ta iska a tsakani don kada ƙazanta ta hauro. Kafin duk wannan sai da ya auna ƙarfin turin ruwa, domin irin waɗannan na'urori suna buƙatar wajen bar 2 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin turin ruwa) kafin su iya wanke kansu yadda ya kamata.

A nan ne gidan yayana ya fara bambanta da nawa. Ruwan da ke saukowa daga tanki yana samun bar guda ne a kowace mita 10 ta tsawo, tankinsa kuwa bai wuce mita 5 daga ƙasa ba, wato rabin bar ke nan. Dole sai ya ƙara injin tura ruwa, wanda shi ma wuta yake ci, alhali kowa ya san yadda ake ɗauke wuta a Maraɗi cikin watannin Afrilu da Mayu, lokacin da aka fi buƙatar ruwan. Sai batun gishiri: na'urar tana son tataccen gishiri mai ƙwaya-ƙwaya da ake sayarwa a buhun kilo 25, kuma idan aka zuba mata kantun Bilma, wanda ke gauraye da ƙasa da kanwa, laka za ta taru ta toshe ta. Wankin da take zubarwa kowane 'yan kwanaki ruwan zartsi ne mai yawa. A Lil yana tafiya ta bututun gari zuwa matatar ƙazamin ruwa. A unguwanninmu ramin bayan gida zai shiga ko kwatar ƙofar gida, ya ƙone zogale da lemun da aka dasa a tsakar gida, ya kuma nutse cikin yashin da maƙwabta ke haƙa rijiyoyinsu. Ga kuma zafin bazara, wanda ke sa ƙwayoyin cuta su hayayyafa a cikin kwalbar idan ruwa ya kwana biyu bai motsa ba. Duk wannan ɗawainiya za a ɗauke ta ne a gidan da ba a ɗumama ruwa sai a watanni biyu ko uku na hunturu, shi ma a tukunya bisa murhu.

Amma ba tsada ko wahalar kulawa ce ta fi damuna ba. Abin da ya hana ni barci bayan wayar yayana shi ne kalmar da ya yi amfani da ita, wato lafiya, domin na san abin da ruwan ƙarƙashin ƙasar yankinmu ya taɓa yi. Tibirin Gobir ba ta da nisa da Maraɗi, kuma duk wanda ya girma a yankin ya ga yaran garin da aka haifa bayan tsakiyar shekarun 1980, lokacin da aka fara ba mutane ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Na ga wasunsu da idona ina ɗalibi: haƙora sun yi ja kamar na tsohon mai cin goro alhali yaro bai kai shekara goma ba, ƙafafu sun lanƙwashe, tafiya sai da sanda. Sinadarin fulorayid ne ya yi yawa a ruwan, ya ninka fiye da sau uku iyakar miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, kuma an shafe shekaru ana sha kafin maganar ta fito fili. Ruwan nan garau yake, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗanon da zai sa uwa ta yi zargin wani abu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Na'urar tausasa ruwa ba ta taɓa fulorayid ko kaɗan, domin ƙwayoyinta an yi su ne su kama wani jinsin sinadari daban. Yadda ya shiga haka zai fita. Akwai ma wani abu da masana ruwan ƙasa suka daɗe da lura da shi, wanda ya kamata ya ja hankalin duk mai foraj: fulorayid ya fi taruwa a ruwan da ba shi da kalsiyam da yawa, saboda kalsiyam ɗin ne ke ɗaure shi ya hana shi narkewa. Ke nan ruwan da mata za su yaba, su ce yana da sauƙi, sabulu na kumfa, wanki na fita, yana iya zama shi ne mai haɗarin. Ƙasar da ke ƙarƙashin Maraɗi yashi ce da dutsen yashi, ba alli irin na Lil ba, kuma ruwan rijiya gajera ta bakin Gulbi daban yake da na mai zurfi, har gidaje biyu a layi ɗaya suna iya samun ruwa iri biyu idan zurfin haƙarsu ya bambanta.

Haka nan na'urar ba ta kashe ƙwayoyin cuta, ba ta kuma cire naitiret, sinadarin da ke tsiyayowa daga masai zuwa rijiya, wanda idan ya wuce miligiram 50 a lita yake zama barazana ga jarirai. Ƙa'idar da ma'aikatan tsafta ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, filayen gidajenmu na birni kuwa da wuya su ba da wannan tazara, balle a lissafa masan maƙwabci da ke bayan katanga. Mutanen jihar ba su manta da kwalarar da ta ɓarke a yankin Madarunfa a 2018 ba. Magidancin da ya kashe kuɗi mai yawa ya kafa na'ura mai fitilu da lambobi zai saki jiki, ya daina tafasa ruwa ko sa masa maganin kulorin, yana ganin ya gama kare iyalinsa, kuma wannan sakin jikin shi ne abin da nake tsoro fiye da rashin na'urar.

Ba ina cewa ba ta da gurbi a Maraɗi ba ne. Otal mai tankunan ruwan zafi, asibiti mai injin dafa kayan aiki, gidan wanki da guga na zamani, ko gidan da ya ɗora tankin ɗumama ruwa da hasken rana, idan awo ya nuna taurin ruwansu ya haura digiri 25 zuwa 30, za su ci ribarta, muddin an haɗa ta bayan injin turi, an sa mataci a gaba, an ware famfon sha, an kuma tanadi inda wankin gishirin zai tafi. Idan kuwa awo ya nuna fulorayid, maganinsa daban ne: ƙaramar matata mai tura ruwa ta cikin siririyar fata, wadda ake sa wa a ƙarƙashin famfon girki domin ruwan sha da na dafuwa kaɗai, ko matacin gawayin ƙashi irin wanda ake amfani da shi a ƙauyukan Kenya da Habasha. Kowace cuta da nata magani, kuma ba a sanin wadda ake fama da ita ta hanyar ɗanɗanawa ko duban ruwa a kofi.

Abin da na aika wa yayana a ƙarshe kuɗin awo ne, tare da saƙon murya mai tsawo. Na roƙe shi ya je ofishin ma'aikatar ruwa ta jiha ya tambayi ɗakin binciken da za a kai samfur, ya nemi a duba masa fulorayid da naitiret da ƙarfe da tauri da ƙwayoyin cuta, a ba shi sakamakon a rubuce. Na ce ya bar injin ya yi aiki na wasu mintoci kafin ya tara, ya karɓi kwalbar da ɗakin binciken zai ba shi maimakon tsohuwar robar lemo, ya sa ta cikin kula da ƙanƙara ya kai a ranar, sannan ya sake awon bayan damina, domin ruwan Agusta yana canza abin da ke gangarawa ƙasa. Kafin sakamakon ya fito, mun yi da shi cewa yara za su ci gaba da shan ruwan famfon gari da ake zubawa a randa, na foraj kuma a bar shi ga wanki da wanka da ban ruwan itatuwa. Jiya ya turo mini hoton kwalabe biyu a cikin kula, an rubuta kwanan wata da zurfin rijiyar a jikin kowace.